Kwarmin ƙeya da allurar 'yan Sin: magani ne ko ganganci?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga masu ilimin lafiya da waɗanda suka zauna a ƙasar Sin. Ni tela ne, yini nake a sunkuye kan keke, da la'asar ta yi sai ƙeyata ta ɗaure, ciwon ya hauro ta bayan kunnuwa har goshi, kamar an naɗa min rawani an matse. Wani abokin aikina ya nuna min bidiyo a waya, wani ɗan Sin yana cewa akwai kwarmi biyu a ƙasan ƙoƙon kai ta baya, kusa da inda gashi ya ƙare, wai in an danna wurin ko an soka siririyar allura, ciwon kai na tafiya. Na danna da yatsa, kuma gaskiya na ɗan ji dama. To mene ne wurin nan? In na sami mai soka allurar, in miƙa masa wuyana?

Usman a Nanjin:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. Wurin da ka taɓa sunansa Fengchi, wato tafkin iska. A littattafan likitancin gargajiyar Sin da ake koyar da mu ana rubuta shi GB20, gurbi na 20 ke nan a kan hanyar da suke kira ta matsarmama. Hanyar tana da gurbi 44. Ta faro daga gefen ido, ta yi ta kai da komo a gefen kai, ta sauko ƙeya, ta bi kafaɗa da haƙarƙari da gefen cinya, ta ƙare a yatsan ƙafa na huɗu.

Ga yadda ake gano shi. Sa babban yatsanka a kan ƙashin nan mai tudu da ke bayan kunne, ka ja shi a hankali zuwa tsakiyar ƙeya. Za ka tsallake tsoka guda, sai yatsan ya faɗa cikin kwarmi kafin ya kai ga kakkaurar tsokar da ta hau tsakiyar wuya. Nan ne. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

A fahimtar likitocin gargajiyarsu, muguwar iska na shiga jiki ta ƙeya da doron baya, ita ke kawo mura, ciwon kai, jiri, jan ido da sanƙarewar wuya. Shi ya sa har gobe za ka ga tsofaffinsu ba sa wasa da mayafin wuya in sanyi ya shigo. A asibitin koyarwa da wuya a yi wa mai ciwon kai allura ba a haɗa da Fengchi ba.

Maman Walid:
Ikon Allah. Ashe kakata ba ita kaɗai ba ce. Da hunturu ya kama, ba mai fita tsakar gida da asuba bai ɗaure wuya ba, ta ce sanyi ta ƙeya yake shiga.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni ganau ne, ba jiyau ba. A Guangzhou aka yi min, lokacin da na je saro kaya wuyana ya ƙi juyawa bayan doguwar tafiyar jirgi. Yaron da ke mana tafinta ya kai ni wurin wata dattijuwar likita. Ta kwantar da ni rub da ciki, fuskata a cikin wani rami da aka yi a jikin gadon, ta goge ƙeyar da auduga mai sanyi, ta yage takardar allura a gabana. Allurar ba ta kai kaurin gashin jelar doki ba. Shigarta ban ji ba sam. Sai da ta murza ta da yatsu biyu na ji wani nauyi ya tsarga min daga ƙeya har bayan ido, na ce wayyo, tafinta ya ce abin da take jira ke nan. Ta sa wasu a kafaɗa da hannu, ta bar ni wajen minti ashirin. Washegari na shiga kasuwa ina waige-waige abina. Baban Amira, je ka yi, kada kowa ya tsorata ka.

Dakta Hauwa:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma "je ka yi" ɗin nan ya yi sauri. Kai likitar da ta yi shekaru tana abin ka samu. Shi wa zai samu?

Bari in faɗa muku abin da ke ƙarƙashin kwarmin nan. Sama-sama akwai jijiyoyin da ke kai ji zuwa fatar bayan kai, kuma su ne ke sa mutum ya ji abu ya tsarga masa har saman kai in an danna. Mu ma a asibiti akan yi allurar kashe zafi a kusa da wurin ga masu wani irin ciwon kai mai naci. Amma in aka zurfafa, akwai babbar jijiyar jini da ke ratsa ƙasusuwan wuya ta kai jini bayan ƙwaƙwalwa. In kuma aka karkata allurar sama da tsakiya, ana dosar gindin ƙwaƙwalwa ne, inda ke riƙe da numfashi da bugun zuciya. Mujallun likitanci sun sha kawo rahoton mutanen da allura ta zurfafa a ƙeyarsu, jini ya zuba a cikin kai ko laka ta taɓu. Ba kullum yake faruwa ba, yana da wuya ƙwarai, amma in ya faru ba a cewa a sake gwadawa.

Usman a Nanjin:
Gaskiyar Dakta ce, kuma malamanmu ba sa ɓoye wannan. Ƙa'idar Fengchi ita ce a nufi kan hanci da bakin allurar, kada a ɗaga ta sama, kuma zurfinta kada ya wuce kimanin cun ɗaya da ɗan ɗoriya. Cun shi ne faɗin babban yatsan majiyyacin kansa a wajen gaɓa, ba na likitan ba, don haka awon siririn mutum daban, na kakkaura daban. Akwai wasu gurabe biyu a tsakiyar ƙeya, Fengfu da Yamen, waɗanda suka fi shi haɗari. Ba a barin ɗalibi ya taɓa su sai malami na tsaye a kansa.

Su ma tun da can sun san ba abin wasa ba ne. A 1027, zamanin daular Song, wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla guda biyu, girman mutum, da 'yan ƙananan huji a kowane gurbi. An ruwaito cewa ranar jarrabawa sai a shafe jikin da kakin zuma a cika cikin da ruwa. Ɗalibi ya soka daidai, ruwa ya ɗigo. Ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla.

Sadiq Injiniya:
Labari mai daɗi, amma bai amsa komai ba. Ni tambayata guda ce: hanyar matsarmamar nan, wa ya taɓa ganinta? An yi ɗaruruwan shekaru ana feɗe gawa a makarantun likitanci, an ga jijiyar jini, an ga ta motsi, an ga laka, ba wanda ya ce ga hanyar da ta haɗa gefen ido da yatsan ƙafa. Kuma me ya haɗa matsarmama da ƙeya, don Allah?

Usman a Nanjin:
Ba wanda ya gan ta, Injiniya, kuma ba zan zauna in ce maka an gani ba. Taswira ce da mutane suka zana tun fiye da shekara dubu biyu, don su tsara abin da suka lura da shi a jikin marasa lafiya. Littafinsu na asali, Huangdi Neijing, an haɗa shi ne tun kafin haihuwar Annabi Isa. Sun lura cewa mai ciwon gefen kai yakan ji zafi a kwarmin ƙeya da kafaɗa, suka ja layi suka haɗa. Bayanin da suka bayar na chi, wato wani ƙarfin rai da suke cewa yana gudana a cikin hanyoyi, wannan nasu ne, na zamaninsu. Lurar kuwa ba ƙarya ba ce, Baban Amira ya gwada da yatsansa.

Sadiq Injiniya:
To ai ko ni na danne maka tsokar da ta gaji za ka ji daɗi, ba sai na yi karatu a Sin ba. Kuma su kansu ba kullum suka yarda da abin ba. A 1822 sarkinsu ya hana koyar da allurar a makarantar likitocin fada. A 1929 gwamnati ta yi yunƙurin soke maganin gargajiya ɗungurungum. Sai bayan 1949, da shugabansu Mao ya ga likitocin zamani ba su isa ƙasar ba, aka farfaɗo da shi. Turawa kuwa sun rungume shi ne bayan wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, an yi masa aikin afendis a Beijing a 1971, aka soka masa allura don rage ciwon bayan tiyata, ya rubuta a New York Times. Siyasa da yayi sun taka rawa sosai a ɗaukakar abin nan.

Dakta Hauwa:
Injiniya, tarihinka daidai ne, amma ka bar rabin zancen a baya. Bari in kawo abin da aka auna.

A Jamus an yi wani babban gwaji kan masu ciwon baya mai daɗewa, sama da mutum 1,100, aka fitar da sakamakon a 2007. An raba su uku. Kashi na farko aka yi musu allura a guraben gaskiya. Na biyu aka soka musu sama-sama a wuraren da ba gurbi ba ne. Na uku aka ba su jinyar da aka saba, magani da motsa jiki. Waɗanda suka sami sauƙi: kusan kashi 48 cikin ɗari a na farko, 44 a na biyu, 27 a na uku.

Duba da kyau, kowa ya sami abin da zai riƙe. Allura ta fi jinyar da aka saba nesa ba kusa ba, shi ya sa inshorar lafiyar Jamus ke biyan kuɗinta ga masu ciwon baya da na gwiwa. Amma ta gaskiya da ta bogi sun yi kusan kunnen doki, wanda ke nuna ainihin gurbin bai da nauyin da ake ba shi. A kan ciwon kai irin na Baban Amira kuwa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce tun 2012 ana iya gwada allura har zama goma cikin mako biyar zuwa takwas. Saboda haka ni ba na cewa shirme ne. Abin da nake cewa shi ne, tunda amfanin matsakaici ne, kuma bai rataya a kan soka wuri mai haɗari da zurfi ba, ban ga dalilin da zai sa mutum ya ba wanda bai ƙware ba ƙeyarsa ba.

Alhaji Mai Atamfa:
Dakta, ni dai wuyana ya juya. Ko na bogi aka yi min, na gode.

Sadiq Injiniya:
Alhaji, wuyan da ya sanƙare saboda zaman jirgi ai ko ba a taɓa shi ba yakan sake cikin kwana biyu.

Alhaji Mai Atamfa:
Yaro, ranar da naka ya sanƙare ka zauna ka jira kwana biyun.

Jikan Sarkin Aska:
Ku gafarce ni, ina ta karatu ina dariya. Gidanmu gidan wanzanci ne, na tashi ina riƙe wa Baba zabira. Wurin nan da kuke ta ba shi suna da lamba, mu nan muke kafa ƙaho ga mai ciwon kai da mai nauyin ido. A aske gashin wurin, a kafa ƙahon a tsotse iska a toshe bakin, fata ta kumburo, a cire a yi 'yan tsaga da aska, a mayar. Mutum ya tashi yana cewa kansa ya yi sakayau. Ba mu taɓa jin sunan Fengchi ba. To ko dai su suka koya a wurinmu?

Usman a Nanjin:
Haha, Jikan Sarki, ba wanda ya koya a wurin wani. Duk ɗan Adam da kansa ya yi ciwo hannunsa can yake tafiya. Su ma suna da ƙaho, na kwalba da na gora, da wuta suke korar iskar. Bambancin shi ne askarku fata kawai take yanka, ba ta isa inda Dakta ke tsoro. Allura kuwa tana nitsewa.

Malam Abdullahi:
Assalamu alaikum. Tunda an zo kan ƙaho, bari in sa baki. Ya tabbata a hadisin Anas, Allah ya yarda da shi, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana yin ƙaho a jijiyoyi biyu na gefen wuya da kuma doron baya tsakanin kafaɗu. Amma shi kwarmin tsakiyar ƙeya, Ibnul Ƙayyim ya kawo cewa likitocin da can sun yi saɓani a kansa. Wasu sun so shi, Ibnu Sina kuwa ya ƙi shi, yana ganin yana jawo mantuwa. Na kawo wannan ne don a ga cewa taka-tsantsan da ƙeya ba yau aka fara ba.

Abu na biyu, ina roƙon 'yan'uwa masu tallar ƙaho a intanet su daina cewa guraben 'yan Sin sunna ne. Ƙaho sunna ne, taswirar Sin kuwa ilimin mutane ne, a gwada shi da ma'aunin ilimi. Neman magani halal ne matuƙar ba haram a ciki kuma ba cutarwa.

Maman Walid:
Malam, ba an ce a nemi ilimi ko da a birnin Sin ne ba?

Malam Abdullahi:
Ana faɗa, Hajiya, amma malaman hadisi ba su inganta shi ba. Kada mu jingina shi ga Annabi.

Ɗan Yamai:
Mu nan Nijar abin ba baƙo ba ne. Tun 1976 Sin ke aiko da tawagar likitoci, daga lardin Guangxi suke zuwa, kuma akan samu mai allurar gargajiya a cikinsu. Aljeriya suka fara zuwa a Afirka, a 1963. Gwaggona an yi mata a asibiti nan Yamai saboda ciwon wuya da kafaɗa, amma sai da aka auna jininta aka duba hoton wuyan tukuna. Abin da na lura, shi likitan da kansa ya ce mata kada ta bar maganin hawan jininta. Wannan ya burge ni, don na san masu magani da yawa da farkon abin da za su ce maka shi ne ka zubar da na asibiti.

Dakta Hauwa:
Madalla da wannan likita. Ana yawan yaɗa cewa danna Fengchi na maganin hawan jini, kuma wannan maganar tana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki in ya dogara da ita ya ajiye ƙwayoyinsa.

Akwai wanda ya fi wannan damuna. Littafin Sin ya ce gurbin na maganin ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Mu da muke zaune a yankin da sanƙarau ke ɓarna duk bazara, waɗannan ukun in suka haɗu sunansu ɗaya. A annobar 1996 sama da mutum 11,000 suka rasu a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Duk wanda ya ga zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya ƙi lanƙwasuwa har haɓa ba ta iya taɓa ƙirji, ko haske na damun ido, ko yaro ya fara sambatu, to ba tausa, ba ƙaho, ba allurar Sin. Asibiti, a wannan sa'ar. Haka ma ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da karkacewar baki ko mutuwar hannu.

Baban Amira:
Subhanallah. Nawa dai babu zazzaɓi, Dakta, kuma in na kwana na tashi yakan tafi. To dannawa da yatsa fa, ita ma in bari?

Dakta Hauwa:
Wannan ba laifi. Sa manyan yatsunka biyu a kwarmin, sauran yatsun su rungumi kai, ka danna a hankali kana murzawa na minti ɗaya ko biyu. Kada ka bari wani ya murɗe maka wuya ya yi ƙara da sunan gyara. Ka ɗaga kujerarka ko teburin keken yadda ba sai ka sunkuya sosai ba, ka riƙa miƙewa kana juya kafaɗu lokaci-lokaci, ka je a auna jininka da idonka. Tela da yawa tabarau suke bukata ba su sani ba, suna ta kai fuska kusa da allurar keke.

Usman a Nanjin:
In ƙara da abu guda. Bidiyoyin nan sukan nuna wani gurbi a gaban wuya, Renying, gefen zakaran wuya daidai inda ake jin bugun jini. Wannan kada a danna shi da ƙarfi, balle ɓangare biyu a lokaci guda. Yana iya rage bugun zuciya mutum ya faɗi sumamme, musamman dattijo.

Sadiq Injiniya:
Usman, tambaya ta ƙarshe. In guraben nan tabbatattu ne, ai ya kamata kowa ya yarda da inda suke ko?

Usman a Nanjin:
Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana daga Sin da Japan da Koriya don a daidaita guraben 361, sai aka tarar sun saɓa a kan wurin da 92 suke. Sai da aka yi ta zama kafin a fitar da matsaya guda a 2008. Na san abin da za ka ce, kowace ƙasa tana soka nata wurin kuma kowa na cewa yana warkarwa. Ni ma na yi wa malamina wannan tambayar, ya yi murmushi ya ce in ci jarrabawa tukuna.

Maman Walid:
To ni ƙanwata na da juna biyu, kuma ciwon kai na damunta. Za ta iya?

Usman a Nanjin:
Tausa mai sauƙi a ƙeya ba komai, Hajiya. Amma akwai gurbin da ke bin Fengchi, Jianjing, a tsakiyar tudun kafaɗa, su kansu likitocin Sin sun hana soka shi ga mai ciki. Ko ga wanda ba shi da ciki ana kaffa-kaffa da shi, don kan huhu na kusa, allura ta zurfafa sai ta huda shi.

Dakta Hauwa:
Kuma mai ciki da ciwon kai, abin farko awon jini ne, musamman in ƙafa ko fuska na kumbura ko tana ganin dishi-dishi. Ta je awo gobe, kada ta jira ranar da aka rubuta mata a kati. Wanda kuma ya dage sai ya yi allura, ya tabbatar a gabansa aka yage takardarta, sabuwa fil, don allurar da aka maimaita na ɗaukar ciwon hanta. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun kafin a fara.

Jikan Sarkin Aska:
Mu ma yanzu reza sabuwa muke sa wa kowa, Dakta, kafin ki juyo kanmu.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni dai in Allah ya kai mu baje kolin Guangzhou na watan Oktoba, wurin tsohuwar nan zan fara sauka kafin kasuwa. Injiniya, in kana so in biya maka zama ɗaya, ka turo fasfo.